Yini Guda a Tafkin Garda: Jirgin Ruwa, Cin Kasuwa da Ɗanɗanon Giyar Inabi (Tambayoyi da Amsoshi)

Garda shi ne tafki mafi girma a Italiya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 370, tsawonsa daga kudu zuwa arewa wajen kilomita 52, kuma yankuna uku ne suka raba gaɓarsa: Lombardiya a yamma, Beneto a gabas, Tarentino can ƙuryar arewa. Garuruwan bakin ruwan kowanne da ranar kasuwarsa, gonakin inabi kuma sun kewaye kudancin tafkin. Shi ya sa baƙi ke son haɗa abubuwa uku a yini ɗaya: su hau jirgi, su ci kasuwa, su leƙa gidan matsar inabi. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Wace rana ta fi dacewa a yi wannan tafiya?

Ranar kasuwa ce ke zaɓar maka gari, ba kai ke zaɓar mata ba. Kasuwannin nan sau ɗaya suke ci a mako, kuma da safe kawai: ana kafa rumfuna wajen ƙarfe 8, ƙarfe 1 na rana an fara naɗe tamfol ana loda kaya a mota. Litinin ta Peschiera ce da Torri del Benaco. Talata Desenzano da Limone. Laraba Lazise, Alhamis Bardolino da Toscolano Maderno, Juma'a garin Garda, Asabar kuma Salò da Malcesine.

Ga mai son haɗa kasuwa da gonar inabi, Laraba zuwa Juma'a a gaɓar gabas sun fi sauƙi, domin Lazise da Bardolino da Garda a jere suke, tsakanin kowane biyu tafiyar minti 15 zuwa 20 ce a jirgi, kuma gonakin na bayan garuruwan kan tudu. Idan ranar kasuwa ta faɗo kan ranar hutun ƙasa, akan matsar da ita ko a fasa, don haka a tambayi ofishin baƙi na garin tun ana gobe.

Za a iya zaga tafkin gaba ɗaya a yini ɗaya, a kuma ci kasuwa?

A'a. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cinye wa mutane yini. A taswira tafkin kamar ɗan tsigi ne, amma jirgin da ke tsayawa gari-gari yakan ɗauki fiye da awa 4 daga Desenzano a kudu zuwa Riva del Garda a ƙarshen arewa. Ko jirgi mai gudu ma sai ya haura awa 2. Wanda ya tashi daga kudu da hantsi yana nufin kasuwar Malcesine da ke arewa, kafin ya sauka kasuwa ta watse, sai masu shara. A tsaya a ɓangare ɗaya: ko kudu, ko arewa. Garuruwa biyu, iyaka uku. Kuma tunda gonakin inabi da ake shiga a ƙafa ko da gajeriyar tasi a kudu suke, kudun ne wurin wannan tsari. Arewa ta fi kyan gani, duwatsu sun sauko har cikin ruwa, amma ta lemun tsami ce da masu wasan filafilai a kan ruwa.

Wane irin jirgi ya kamata a hau?

Iri uku ne, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Akwai jiragen haya na hukuma, waɗanda ake kira Navigarda. Su ne mafi araha, suna da jadawali a rubuce, suna da banɗaki, manyan kuma da wurin sayar da abin sha. Aibinsu ɗaya: ba sa jiran kowa. A cikinsu akwai na hankali, wanda ake zama a samansa ana kallo, akwai mai gudu da ake biya masa ƙarin kuɗi kuma galibi a ciki ake zama ta bayan gilashi. Akwai kuma jirgin fito mai ɗaukar motoci tsakanin Toscolano Maderno da Torri del Benaco, wanda ke tsallaka tafkin cikin kamar rabin awa.

Na biyu shi ne yawon da kamfanoni ke shiryawa, jirgi da ɗan rakiya da ɗanɗano duk a kuɗi ɗaya. Kafin a biya a yi tambaya huɗu: minti nawa za a bayar a kasuwa, ɗanɗanon a gona za a yi ko a cikin jirgi, abincin rana na cikin kuɗin, sannan me zai faru idan iska ta hana fita. Yawon da ya ba da minti 45 a kasuwa, hoto kawai za a ɗauka a dawo. Ana bukatar awa ɗaya da rabi ko biyu.

Na uku haya ce ta ƙaramin jirgi mai inji. A Italiya wanda ya cika shekara 18 na iya tuƙa jirgin da injinsa bai wuce ƙarfin doki 40 ba, ba tare da lasisi ba. Amma wannan bai dace da ranar ɗanɗano ba, sai in an ɗauki matuƙi, ko kuma mai tuƙin ba zai kai komai baki ba, don doka na hukunta tuƙin jirgi cikin maye kamar yadda take hukunta na mota. Ga kuma wahalar wurin ɗaure jirgi a garin da kasuwa ke ci. A kuma sani cewa an hana jiragen inji na masu zaman kansu shiga ruwan da ke ɓangaren Tarentino.

Wane tikiti za a yanka?

A jiragen Navigarda, wanda zai sauka a garuruwa uku ko fiye, tikitin yini ya fi masa. Akwai na tafkin gaba ɗaya, akwai na kudu kaɗai, akwai na arewa kaɗai, kuma na ɓangare ɗaya ya wadatar. Mai zuwa gari ɗaya ya dawo, na zuwa da dawowa ya isa. Ko da tikitin yini a hannu, hawa jirgi mai gudu na bukatar ƙarin kuɗinsa. A Yuli da Agusta a je rumfar tikiti minti 20 zuwa 30 kafin lokaci, domin jirgi na da adadin da yake ɗauka, in ya cika sai na gaba, na gaban kuwa wani lokaci sai bayan awa guda.

Yaya yinin zai kasance, daki-daki?

A ɗauki Alhamis. Jirgin ƙasa da ke bin layin Milan zuwa Verona yana tsayawa a Desenzano da Peschiera, waɗannan biyun ne kaɗai garuruwan bakin tafkin masu tashar jirgin ƙasa a kan layin. Daga tashar Desenzano zuwa bakin ruwa gangara ce ta kamar kwata guda a ƙafa. Ta Peschiera ta fi kusa da ruwa, kuma ta fi kusa da Bardolino.

A hau jirgin safe yadda za a sauka Bardolino kafin ƙarfe 10. Kasuwar a bakin ruwa take, ana sauka ana cikinta. A fara zagaye ɗaya hannu a aljihu, a ga farashi, a dawo a saya. Kayan da zafi ke ɓatawa a bar su zuwa ƙarshe, wajen 12. Daga nan abinci: gidajen abinci kan buɗe daga 12 ko 12 da rabi zuwa 2 da rabi, bayan haka ɗakin girki ya rufe sai dare. Ɗanɗano a sa shi tsakanin 2 da rabi da 4, a bar awa guda cur tsakanin ƙarewarsa da jirgin komawa.

Dalilin sa kasuwa a gaba a bayyane yake, ita ce mai watsewa. Dalilin sa abinci kafin ɗanɗano kuwa, giya a cikin da babu komai da sauri take hawa kai, balle ga rana ga jirgi na jiran mutum. Ƙarin dalili shi ne nauyi: kwalba ɗaya cike ta haura kilo 1, kwali mai shida ya doshi kilo 8. Ba wanda zai so ratsa cunkoson kasuwa da shi a kafaɗa.

Me ya cancanci saye a kasuwar?

Gara a faɗi gaskiya tun da wuri: yawancin rumfunan na tufafi ne, da takalma, da jakunkuna, da kayan girki, kuma 'yan kasuwar nan su ne dai ke bin garuruwan rana-rana. Rumfar da ka gani Laraba a Lazise, ita za ka tarar Juma'a a Garda. Kayan ƙasar na ainihi suna ɓangaren abinci, wanda galibi yake can gefe ɗaya.

A nan ake samun man zaitun na Garda. A duba kwalbar: in da tambarin DOP, zaitunin a yankin aka noma aka matse. Kwalbar da ke da hoton tafki kawai ba ta tabbatar da komai ba, a juya bayanta a karanta inda zaitunin ya fito. A zaɓi kwalba mai duhu ko gwangwani, a guji wadda ta wuni a rana kan teburi, haske da zafi na sa mai ya yi ɗaci-ɗacin tsufa. Sai cuku: Monte Veronese, Grana Padano, da Formagella ta Tremosine. Sai zuma, da kayan lemun tsami, da 'ya'yan itace na lokacin.

Awo da "etto" ake yi, wato giram 100. "Due etti" giram 200 ke nan. Mai cuku zai yanko maka ɗan ƙanƙane ka ɗanɗana in ka nema, kuma da yawansu na da na'urar zuƙe iska su like leda, ka ce "sottovuoto". Abin da ba a yi shi ne taɓa 'ya'yan itace da hannu. Nuna wa mai kaya, shi zai zaɓa. Ka gaya masa yau za ka ci ko gobe, zai ba ka daidai nunar.

Ana taya kaya?

A abinci ba a tayawa, farashi a rubuce yake bisa kilo. A tufafi da kayan fata ana iya neman ragi kaɗan, musamman in an ɗauki biyu ko kasuwa ta kusa tashi, amma ragin ba ya kai rabi ko kusa da shi. Doka ta wajabta wa 'yan kasuwa karɓar kati, tun 2022 ma akwai tara ga wanda ya ƙi, duk da haka ƙananan takardun yuro 5, 10 da 20 sun fi saurin sallama. Kada a miƙa 100 don cinikin yuro 3. A karɓi rasit.

Jaka ko tabarau mai sunan babban kamfani da aka shimfiɗa a ƙasa kan zane, a wuce. A Italiya ba mai sayar da jabu kaɗai ake kamawa ba, mai saye ma ana cin tararsa, daga yuro 100 har zuwa dubbai.

Yaya ake yin ɗanɗanon, kuma sai an yi rajista?

Ƙananan gonaki na iyali ne, mai zuba maka shi ne mai tuƙa tarakta, don haka sai an kama lokaci kwana biyu ko uku kafin ranar. Manyan gidaje da shagunan giya na cikin gari, waɗanda ake kira "enoteca", kan karɓi wanda ya faɗo ba sanarwa. A Bardolino akwai gidan tarihin giya na iyalin Zeni a kan tudu bayan gari, ana hawa a ƙafa, sai dai hawan da tsakar rana na sa gumi. Wasu gonakin kuwa kilomita 4 ko 5 suke daga bakin ruwa, hanyar ba wurin mai ƙafa, kuma tasi a garuruwan nan ba ta yawo neman fasinja, kiranta ake yi. A shirya ta komawa tun kafin a tafi.

Zaman kan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ana kawo iri 3 zuwa 5, kowane zubi kamar mililita 30 zuwa 50, a fara da fara, sai mai ruwan hoda, sai ja, mai zaƙi a ƙarshe, domin mai ƙarfi in ta riga sai ta danne harshe. Ana riƙe kofin ta ƙafarsa don ɗumin hannu kada ya taɓa abin ciki, a duba launi, a juya shi a hankali, a sansana, sannan a kurɓa. Bokitin da ke kan teburi na tofarwa ne da zubar da saura, kuma yin hakan ba raini ba ne, masu sana'ar haka suke yi. Zubi biyar in an haɗiye duka ya kai kofi ɗaya da rabi zuwa biyu. Kada a fesa turare mai ƙarfi, yana hana na kusa jin ƙamshi. In giya ta yi warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyarta ce ta ɓata ta, a faɗa, za a buɗe wata.

Waɗanne iri ne na yankin?

Lugana fara ce, daga inabin Turbiana da ke fitowa a ƙasar yumɓu ta kudancin tafkin, tsakanin Desenzano da Sirmione da Peschiera. Ta sami matsayin DOC, wato shaidar hukuma ta asalin yankin giya, a 1967. Bardolino ja ce mara nauyi, daga inabin Corvina da Rondinella, ta sami nata a 1968, ƙarfinta wajen kashi 12 cikin 100. Chiaretto ita ce mai ruwan hoda: inabin ja ne, amma sa'o'i kaɗan ake barin ɓawon cikin ruwan kafin a tace, shi ya sa launin bai kama sosai ba. Ana yin ta a gabas, ana yin ta a yamma a yankin Valtènesi daga inabin Groppello, inda garin Moniga ya yi suna da ita.

Sau da yawa akan rufe zaman da Amarone. Ba ta bakin tafkin ba ce, daga Valpolicella take, can gabas wajen Verona. Ana shanya inabinta watanni kafin a matse, don haka ƙarfinta ba ya gaza kashi 14, sau da yawa 15 ko 16. Ita ce ke shammatar mutane a zubi na ƙarshe.

Wanda ba ya shan giya fa, tafiyar na da amfani a gare shi?

Ƙwarai. Jirgi da kasuwa su ne kashi biyu cikin uku na yinin. A madadin gonar inabi akwai ɗanɗanon man zaitun, da gidan tarihin man zaitun a Cisano, tsakanin Bardolino da Lazise. A Limone akwai tsofaffin lambunan lemun tsami masu dogayen ginshiƙan dutse, waɗanda a da ake rufewa da katako da gilashi in hunturu ya shigo. A Sirmione akwai ganuwar gidan sarautar Scaligeri da kangon katafaren gidan Rumawa a ƙarshen ƙasar da ta miƙe cikin tafkin. In yawon kamfani ne, a tambaya tun wajen biya ko akwai ragi ga wanda ba zai ɗanɗana ba, da ko za a ba shi ruwan inabi zalla, "succo d'uva". Kalmar "analcolico" na nufin abin sha mara barasa.

Mai kiyaye abin da ke shiga cikinsa ya lura da farantin da ake kawowa tare da ɗanɗano: salame, prosciutto, speck, pancetta da lardo duk naman alade ne, "maiale". "Strutto" kitsensa ne, yana shiga wasu burodi. Shinkafar risotto galibi da giya ake fara dafa ta. Limoncello kuma, duk da kamannin lemo, barasa ce mai ƙarfi, grappa ta fi ta. Kifin tafkin, irin su lavarello, gasasshe da man zaitun, ana samunsa kusan ko'ina.

Ana zuwa da yara?

Jirgi da kasuwa ba matsala. Gonaki da yawa na karɓar yara su zauna da iyaye, amma ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba giya. Keken jariri mai naɗewa ya fi, saboda matakalar jirgi da titunan dutse.

Tafki ne, ashe yana da igiyar ruwa?

Yana da ita. Iska biyu ke mulkin Garda in yanayi na lafiya. Pelèr na tasowa daga arewa tun cikin dare har wajen tsakar rana. Ora na biyo ta daga kudu bayan tsakar rana har yamma. Sun fi ƙarfi a arewa inda duwatsu suka matse tafkin kamar mazurari. Kudu ya fi kwanciya, amma hadarin bazara na haɗuwa cikin ɗan lokaci da yamma, har da ƙanƙara wani sa'in, kuma jirage masu gudu ake fara dakatarwa.

Mai saurin jin jiri ya zauna tsakiyar jirgi a hawan ƙasa, ya kalli gaɓa, ya ajiye waya. Maganin hana amai na tafiya yana sa barci, haɗa shi da giya na ninka barcin, don haka ɗaya za a zaɓa. A riƙe 'yar riga mai tare iska ko da Agusta ne. A saman jirgi iska na ɓoye zafin rana, sai da dare fata ta fara raɗaɗi. Lambar gaggawa 112.

Yaya za a kare kayan da aka saya daga zafi?

Jakar sanyi mai laushi da gorar ruwa biyu da aka daskarar sun isa cuku har yamma. Cuku mai tauri na jurewa, mai laushi ba ya kai la'asar a ranar zafi. Kwalbar giya a ajiye ta a inuwa, a tsaye, a tsakiyar jaka. In ta yi zafi abin ciki na kumbura ya turo toshiya, sai a ga ɗigo a wuyan kwalba, ɗanɗanon kuma ya koma kamar dafaffe. But ɗin mota da aka bari a rana ya fi komai lalata ta.

Za a iya hawa jirgin sama da su?

A filayen jirgin sama da yawa ba a shiga da abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, kuma ƙa'idar ta shafi giya da man zaitun da zuma har da cuku mai laushi, don haka akwatin da ake aunawa za su shiga. A naɗe kowace kwalba a leda a ɗaure, a sa tufafi kewaye, kada biyu su taɓa juna. Gwangwanin mai ya fi kwalba aminci. Abin da za a shiga da shi wata ƙasa kuwa, dokar kwastan ɗin ƙasar ce ke yanke hukunci: wasu na da iyakar lita, wasu sun hana barasa ɗungurungum, wasu ba sa barin nama da kayan madara. A duba wannan kafin a saya. Gonaki da yawa na aika kwali zuwa ƙasashen Turai, zuwa nesa kuwa kuɗin aikawa na iya fin kuɗin kayan.

Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba na iya neman a mayar masa da harajin kaya in cinikinsa ya haura yuro 70 a shago ɗaya a rana ɗaya. Sai da fasfo da takardar da shagon zai cike, kuma rumfunan kasuwa galibi ba sa yi.

In jirgin ƙarshe ya wuce fa?

Jiragen ba sa kai dare sosai, kuma jadawalin bazara daban yake da na farkon kaka. A ɗauki hoton jadawalin da ke manne a tashar, a sa ido kan jirgin da ke gaban na ƙarshe, na ƙarshen ya zama na ko-ta-kwana. A karanta ƙananan alamomin da ke ƙasan shafin, wasu tafiye-tafiyen na ranakun hutu ne kawai. In duk da haka an makara, a gaɓa ɗaya abin da sauƙi: bas na bin hanyar gabas daga Garda ta Bardolino da Lazise zuwa Peschiera, kuma daga Bardolino zuwa Garda akwai hanyar ƙafa ta bakin ruwa da ba ta kai awa guda ba. In masaukin na tsallaken tafki ne, sai zagaye da tasi, kuɗin kuma ba kaɗan ba. Wanda ya bar mota a tasha ya tuna iyakar barasa a jinin direba a Italiya giram 0.5 ne a lita, sifili kuma ga wanda bai kai 21 ba ko lasisinsa bai shekara uku ba.

Wane wata ya fi?

Mayu, Yuni da Satumba. Cikakken jadawalin jirage daga bazara ne zuwa Oktoba, da hunturu kusan jirgin fito na Maderno da Torri ne kawai ke aiki. Makon 15 ga Agusta kowa a Italiya hutu yake, jirgi cike, kasuwa ba masaka tsinke. Satumba lokacin girbin inabi ne, abin kallo, sai dai masu gona ba su da sukuni, wasu kan rage karɓar baƙi. Bikin inabi na Bardolino na zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, masauki kan yi wuya a kwanakin.

Akwai wasu tafkunan da ake yin haka?

A tafkin Maggiore kasuwar Luino ta Laraba ta fi duk na Garda girma, ta Cannobio kuma Lahadi take ci, amma gonakin inabi ba su kusa da ruwa kamar na Garda. Arewacin wannan tafkin a Suwizalan yake, saboda haka a riƙe fasfo. A tafkin Janiba, kasuwar Vevey na ci Talata da Asabar da safe, gonakin Lavaux kuma, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2007, sun gangaro hawa-hawa har bakin ruwa, inabinsu Chasselas. Kuɗin can faran na Suwizalan ne, ba yuro ba.